Bahaguwa

Saura wata bakwai in cika arba'in.
Jiya mai duba ido a Fagge ya ce in karanta layin ƙasa,
haruffan suka watse kamar kiyashin da aka taɓa.
Ya ɗora min tabarau, na waiga madubi,
sai ga Baba yana kallona.
Shi ne, har tattarar goshin,
yadda yake sunkuyawa kan agogon mutane a bakin Kwari,
gilashi maƙale a ido ɗaya,
yana gyara wa gari lokaci, nasa yana zurarewa.

Sunan uwarsa na ci,
bai taɓa ce min Rakiya ba har ya koma ga Allah.
Uwani, kawo ruwa. Uwani, rufe ƙofa.
A makaranta Malama ce ni, mai lissafi, mai jan biro.
A layinmu na Gwammaja, Maman Mukhtari.
Rakiya tana nan kan takardar haihuwa
a ƙasan akwati, cikin warin kafur,
ba ta tsufa ba, don ba a more ta ba.

Ita mai sunan ban riske ta ba.
An ce Banufiya ce, da duwatsun wuya ta zo daga Bida,
ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba.
An ce in ranta ya ɓaci sai ta hau shara.
Ran da aka riƙe mana albashi
sau uku na share tsakar gida kafin la'asar,
na tsaya da tsintsiya: ke, wa ya koya miki?

Inna tana nan Mandawari, tana jan carbi tana jan kunne.
Ina 'yar sha biyar na rantse ba zan zama ita ba,
mai tara gwangwani, mai ƙirga ashana,
mai raba naman miya da ido kafin cokali.
Leƙa kicin ɗina yau.
Robobi wankakku har saman firji,
ba abin zubawa, ba kuma zan zubar ba.
In na yi tsaki daga ɗaki
maigidan kan gyara zama, ya zaci surukarsa ce ta shigo.

Goggo Tabawa, aure uku,
kowane karo ta dawo da keken ɗinkinta a ka.
Ita ta raɗa min: riƙe abin da za ki iya ɗauka ke kaɗai.
Har yau ban san inda zan ajiye maganar ba.

To ni ina nake cikin wannan taro?
In kowa ya zo karɓar nasa,
Baba goshinsa, Inna tsakinta, Banufiya tsintsiyarta,
me zai saura kan tabarma?

Hannun hagu.
Da shi na zo, ba a san mai shi ba a dangi.
An buge shi da muciya, an ɗaure shi da ɗankwali
har dama ta koyi alƙalami.
Da dama nake ci, da dama nake miƙa kuɗi.
Amma in zare zai shiga allura,
in yaro zai faɗi, in murfin kwalba ya ƙi,
shi ke riga ni isa.
Shekara talatin da tara yana aiki, ba sannu.

Da safen nan autata Kubura, 'yar shekara huɗu,
ta zaro fensir a jakata, ta kwanta rub da ciki kan siminti,
ta kama shi da hagu.
Bakina ya buɗe.
Maganar Inna ta taho har bayan haƙora,
da muryarta, da tsakinta.
Na haɗiye.
Na gyara sabon tabarau, na durƙusa kusa da ita.
Kaza take zanawa wai, mai ƙafa biyar.
A waje mai adaidaita na ta danna hon, na makara.
Ban ce ta sauya hannu ba,
ban kuma ce ta rage ƙafa ba.